Ko Kun Sani? Littafin Bashin Mai Kemis

A Najeriya, fiye da kashi 70 cikin 100 na kuɗin jinya daga aljihun jama'a yake fitowa. Mai ciwon suga ko hawan jini a garin Guri da ke yankin kogin Haɗejia sau da yawa littafin bashin mai kemis ne madogararsa: ya karɓi magani yau, ya biya da kaka.

Idan ambaliyar kogin Haɗejia ta cinye shinkafa, kamar a 2022, biya ya gagara. Kunya ta hana shi komawa, sai ya riƙa tsallake magani, har ƙoda ta taɓu, ga shi cutar ƙoda ta addabi yankin.

A Amurka ma bashin asibiti kan toshe wa mutum ƙofar rance. Sai a 2023 manyan kamfanonin tantance masu cin bashi suka daina lissafa wanda bai kai dala 500 ba.