Ruwan Teku Yana Da Lokacin Cika Da Na Janyewa

Kogin garinmu da damina yake cika, da rani ya janye. Teku ba haka yake ba. A bakin teku irin na Legas da Badagiri, ruwa yana cika sau 2, ya janye sau 2 a kwana guda. Duk mai niyyar kai iyalinsa can shan iska, ya kamata ya san wannan tun kafin ya tashi.

Me ke kawo haka? Wata ne yake jan ruwan teku, rana kuma tana taya shi. Tsakanin cika da janyewa akwai awa 6 da 'yan mintoci. Idan ruwa ya cika da ƙarfe 8 na safe, zai janye wajen ƙarfe 2 na rana, ya sake cika bayan ƙarfe 8 na dare. Kullum lokacin yana ƙara jinkiri da kamar minti 50. Saboda haka lokacin jiya ba shi ne na yau ba.

Lissafin wata da muka saba yana da amfani a nan. Ruwa ya fi cika sosai a tsayuwar wata, da kuma wajen 14 zuwa 16 ga wata. Wajen 7 da 22 ga wata cikar ba ta da ƙarfi. Ku lura, jama'a: Ƙaramar Salla ranar 1 ga Shawwal take, wato daidai lokacin babbar cika, ga kuma cunkoso.

Lokacin da ruwa ya janye ya fi daɗin yawo. Fili yana buɗewa, yashi ya yi tauri, yara su yi ƙwallo. Amma kada ku shimfiɗa tabarma a kan yashi mai danshi. Ku duba inda ruwa ya bar layin shara da ciyayi, ku zauna sama da nan. A Legas cikar kamar mita 1 ce, amma a shimfiɗaɗɗen wuri tana cin taku da yawa.

Janyewar ruwa ba izinin wanka ba ce. Akwai wuraren da ruwa ke komawa ciki da gudu, ya ja ko gwanin iyo a kogi. Da kun isa, ku tambayi masunta ko masu kwale-kwale yaushe ruwa zai dawo. Mai babbar waya kuma yana iya duba lokutan a intanet.