Me ake koya wa yaranmu a makarantun mishan? Bayani ga iyaye mazauna Kudu

Duk lokacin da sabuwar shekarar karatu ta gabato a watan Satumba, magana ɗaya ce ke yawo a kara da majalisun Sabo: a kai yaro makarantar mishan ko kada a kai? Wani ya ce can ne ake karatu, wani ya ce can ne ake sauya wa yaro addini. Abin da na lura shi ne, da yawa daga masu gardamar ba su taɓa ganin jadawalin darussan makarantar da ido ba. Ni ɗan mai fataucin shanu ne, a Badun na tashi, kuma a makarantar Angilikan na yi firamare da ƙaramar sakandare. Shi ya sa na ga ya dace in zayyana abin da ke ciki, kowa ya yanke hukunci a kan sani.

Da farko mu san cewa a Kudu mishan ne suka kawo boko. A Badagry aka fara makarantun firamare tun wajen shekarun 1840, sannan a 1859 cocin CMS ta buɗe sakandare ta farko a Najeriya a Legas. Bayan yaƙin basasa gwamnatoci suka karɓe makarantun, daga baya wasu jihohi suka mayar da su. Legas ta mayar da wasu a 2001, Anambra kuma ta miƙa wa coci-coci firamare sama da dubu a 2011 zamanin Peter Obi. Ke nan wanda ke zaune a Anacha ko Awka zai iya tarar da cewa makarantar da ta fi kusa da gidansa ta coci ce, ko yana so ko ba ya so.

To me ake koyarwa? Manhajar dai ta gwamnatin tarayya ce. Hukumar NERDC ce ke tsara ta, kuma ta ƙunshi shekara 9: shida na firamare, uku na ƙaramar sakandare, kamar yadda dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta tanada. Duk makarantar da gwamnati ta amince da ita, ta coci ce ko ta Musulmi ko ta ɗan kasuwa, wannan manhajar take bi. Yaro zai yi Turanci, lissafi, kimiyya, harshen gida guda ɗaya, darasin zaman jama'a da haƙƙin ɗan ƙasa, zane da al'adu, motsa jiki da kiwon lafiya, da kuma addini. In ya ɗan yi nisa a firamare sai a ƙara masa kwamfuta, noma da kula da gida, wasu wuraren har da Faransanci. A ƙaramar sakandare kuma ilimin kasuwanci ya shigo. A 2025 gwamnati ta sake yi wa manhajar garambawul, ta rage yawan darussa, ta mayar da tarihin Najeriya dole, ta kuma sa ɗan ƙaramar sakandare ya zaɓi sana'a ɗaya, irin su ɗinki, gyaran waya, haɗa sola ko kiwon dabbobi. Mu da muka tashi a cikin shanu, ai wannan na ƙarshen abin nema ne ya samu.

Saboda haka lissafin makarantar Katolika da na makarantar gwamnati duk ɗaya ne. Bambancin yana wurare uku, kuma su ne ya kamata uba ya sa wa ido.

Na farko shi ne darasin addini. Manhajar ta ce ɗan Kirista ya yi CRS, ɗan Musulmi ya yi IRS. An taɓa cusa su ƙarƙashin darasi ɗaya tare da wasu fannoni, aka yi ta cece-kuce, har a 2017 aka raba kowanne ya tsaya da ƙafarsa. Amma mafi yawan makarantun mishan CRS kaɗai suke koyarwa, ba su da malamin IRS. A firamare labarai ne: halittar duniya, Nuhu da jirginsa, Ibrahim, Yusuf da 'yan uwansa, Musa da Fir'auna, haihuwar Yesu. A sakandare sai a shiga rayuwar Yesu, misalansa, mutuwa da tashinsa yadda Littafi Mai Tsarki ya kawo, da tafiye-tafiyen Bulus. Sunayen duk yaronka ya san su daga Islamiyya, sai dai labarin ba ko'ina yake tafiya daidai ba. A can za a ce masa Ishaƙu ne aka kai yanka, a gida kuma an ce masa Isma'ila ne. A can za a ce an gicciye Yesu, mu kuma mun yi imani ba a kashe Annabi Isa ba. Yaro ɗan shekara takwas ba zai iya warware wannan shi kaɗai ba. Sai an zaunar da shi an ce masa: wancan abin da Kiristoci suka yarda da shi ne, kuma shi malami ke so a jarrabawa, wannan kuma namu ne.

Na biyu shi ne abin da ba a rubuta a manhaja ba. Kowace safiya akwai taron safe da waƙoƙin coci da addu'a da karanta aya. Makarantun Katolika kan yi sujada a wasu ranaku, ga bikin waƙoƙin Kirsimeti a ƙarshen zangon farko. Ranar Juma'a kuwa ba kowace makaranta ke sakin yara kafin salla ba. Akwai kuma wasu 'yan makarantu masu tsada da ke amfani da littattafan Kiristocin Amurka irin su Abeka da ACE, inda ake saka ayoyi har cikin darasin karatu da kimiyya. Waɗannan sun sha bamban da makarantar mishan da muka saba da ita.

Na uku shi ne harshe. Manhaja ta yarda da Hausa, amma a Kudu Yarbanci ko Ibo za a koya wa yaro, a Legas ma tun 2018 doka ta wajabta koyar da Yarbanci. Ni ban ɗauki wannan asara ba, don Yarbancin da na koya a aji shi nake ciniki da shi da mahauta yau. Sai dai yaro zai gama aji tara bai iya rubuta wasiƙa da Hausa ba, in ba a gida aka koya masa ba.

Doka fa me ta ce? Sashe na 38 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ce ba za a tilasta wa ɗalibi darasi ko ibadar addinin da ba nasa ba, ko wanda iyayensa ba su amince da shi ba. Amma sashen ya kuma ce ba za a hana wata ƙungiyar addini koyar da addininta ga 'ya'yanta a makarantar da ita kaɗai ke ɗaukar nauyinta ba. Haka hukuncin Kotun Ƙoli na 2022 kan hijabi, a kan makarantun gwamnatin Legas aka yi shi. Don haka kada mutum ya biya kuɗi tukuna sannan ya zo yana rigima. A yi maganar tun ran gini, tun ran zane.

Kafin ka sa hannu a takardar shiga, ka je da kanka ko ka tafi da wanda ya iya karatu, ka tambayi hedimasta: gwamnati ta amince da makarantar? Yaro zai rubuta jarrabawar BECE ta ƙarshen aji uku a nan, ko sai an kai shi wani wuri? Za a yi masa rajistar IRS in ya karanta a waje, tunda jarrabawar tana da shi? Dole ne ya shiga ibada, ko zai iya tsayawa shiru? 'Ya mace za ta iya rufe kanta? Ƙarfe nawa ake tashi ranar Juma'a? Ka kuma nemi a nuna maka jadawalin darussa da jerin littattafai.

'Yan uwanmu Hausawa Kiristoci ba su da damuwar addinin, amma tambayar amincewar gwamnati da ta harshe ta shafe su su ma.

Gaskiyar magana, yawancin waɗannan makarantu suna da tsari: malamai na zuwa aji, ana duba aikin gida, ana kiran uba in yaro ya yi fashi. Wanda ya zaɓe su bai yi laifi ba, wanda ya ƙi ma haka. Amma in ka kai yaronka, to Islamiyyar yamma da ta Asabar da Lahadi ta zama dole, kuma iyayenmu masu tafiya Arewa sayen shanu mako biyu ko uku su bar wa uwa ko yaya amanar duba littattafansa. Allah ya yi wa zuri'armu albarka, ya ba su ilimi mai amfani.