Motar gida ta fara ƙorafi bayan an ɗaura mata tirela? Ga abin da ya kamata uwargida ta sani

A yankin Bunkure, Kura da Garun Malam, inda ruwan madatsar Tiga ke ba manoma damar yin noman rani, motar gida ba ta hutu. Da safe ta kai yara makaranta, da rana ta kwaso injin ban-ruwa, lokacin kaka kuma ta ɗauko shinkafa ko ta kai kwandunan tumatir Kwanar Gafan. Shi ya sa wasu magidanta ke kai ta wurin mai walda a dasa mata ƙugiya a baya domin jan ƙaramar tirela.

Dabarar tana rage kuɗin haya, amma motocin yanzu ba irin na da ba ne. Yawancinsu suna da ƙwaƙwalwa da na'urorin da ke taimaka wa direba. Da zarar an taɓa wayoyinsu ba bisa ƙa'ida ba, sai fitilun gargaɗi su fara kamawa. Tunda ke da yaranki ne kuka fi zama a ciki, maganar ta shafe ki.

Ƙarar da ba ta tsayawa a ribas

Ƙananan idanun da ke jikin bambar baya su ne ke sanar da direba cewa akwai abu a bayansa. Idan suka hango ƙugiya ko tirela, sai su yi ta ƙara babu ƙaƙƙautawa. Haɗarin shi ne direba ya saba da ƙarar, ko ya sa a cire na'urar. Ranar da yaro ya tsuguna a bayan mota a ƙofar gida, babu abin da zai faɗakar da shi. A kashe ta da maɓallinta lokacin jan tirela kawai, a kunna idan an kwance. Idan ƙugiyar ce ke tsone mata ido, a gyara zamanta.

Fitilar ABS

Wannan ita ce ta fi muhimmanci. ABS ne ke hana tayoyi ƙamewa idan aka taka birki da ƙarfi, direba ya ci gaba da juya sitiyari. Sau da yawa matsalar daga haɗin waya take: mai gyara ya yanki wayar fitilar baya ya jona ta tirela, nauyin wutar ya ƙaru, fis ya ƙone. A motoci da dama, ƙonewar fis ɗin fitilar birki na iya kunna gargaɗin, har giyar otomatik ta ƙi fita daga P. Wani lokaci kuma walda ce ta ƙona wayar da ke auna gudun taya.

Idan fitilar ABS ce kaɗai ta kama, birki yana ci, amma taya na iya ƙamewa a kan jiƙaƙƙen titi ko hanyar gona mai taɓo. Idan ta kama tare da jar fitilar birki, a tsaya, kada a ɗauki kowa.

Nauyi ma yana rikita mota

Idan kaya suka danne baya, gaban mota yana ɗagawa. Sitiyari ya yi sakwa-sakwa, fitilun gaba su kashe wa masu tahowa ido, kyamarar da ke lura da hanya kuma ta kalli sama da inda aka saita ta. A Turai, tirelar da ba ta da birkin kanta ba ta wuce kilo 750 har da kayanta. Buhu takwas masu kilo 100 sun riga sun zarce haka, ba a ma lissafa nauyin tirelar ba.

Gwajin da za ki iya yi da kanki

Idan maigida ya murɗa makulli, dubi allon da ke gabansa. Ya kamata fitilar ABS ta kama na ɗan lokaci sannan ta mutu. Idan ba ta kama sam ba, wataƙila an cire ƙwan ne domin a ɓoye matsala. Sannan ki tsaya a baya, ya taka birki ya kuma kunna sigina, ki tabbatar fitilun mota da na tirela duk suna aiki.

Wurin mai gyara

A nemi mai gyaran wayar mota da ke da kwamfutar binciken lahani. A ce masa ya warware jonin da aka yi, ya sa haɗin tirela mai fis ɗinsa daban, kuma kada ya maye fis da zaren waya, domin hakan kan jawo gobara. Ƙugiya kuwa a jikin shasi ake ɗaure ta, ba a bamba ba.

Ba sai kin iya tuƙi ba kafin ki ce, “Maigida, wannan fitilar fa?” Kuɗin gyaran waya bai kai na jinyar yaro ɗaya ba. Kuma komai matsin wuri, kada a ɗora yara a tirela ko a kan buhuna. Allah ya kiyaye hanya.