Ko Kun Sani? Auna Shawarar Jariri ta Fatarsa

Ana iya ƙiyasta tsananin ciwon shawara a jikin jariri ba tare da an ɗebi jininsa ba, ta hanyar wata ƙaramar na'ura da ake dannawa a goshinsa ko ƙirjinsa, wadda ke haska fata sannan ta auna hasken da ya dawo. Abin da take aunawa shi ne bilirubin, wato sinadari mai ruwan ɗorawa da ke samuwa idan jajayen ƙwayoyin jini sun farfashe, wanda hantar jariri ba ta yi ƙwarin fitar da shi da sauri ba. Kamfanin Minolta na Japan ne ya ƙera irinta ta farko, wadda likita Yamanouchi ya bayyana gwajinta a 1980.

Amfaninta zai fi fitowa a wurare irin ƙasar Gobir, kamar Sabon Birni da Isa, inda galibin haihuwa a gida ake yi a hannun ungozoma, domin shawara kan tsananta tsakanin kwana 3 da 5, tun kafin ranar suna, kuma ido ba ya saurin gane ta a baƙar fata. Sai dai wani bincike da aka yi a Legas, aka wallafa a 2016, ya nuna cewa na'urar kan ba da adadin da ya zarce na gaskiya a jariran baƙar fata, saboda haka duk sakamakon da ya yi sama sai an tabbatar da shi da gwajin jini, tun da shawara mai tsanani na iya taɓa ƙwaƙwalwa ta haddasa kurumta.