KWIKWIYO MAI GAIGAYAR KAYA: SANDA BA TA MAGANINSA

Sau da yawa manomi yakan samo ɗan kwikwiyo bayan kaka, da niyyar in ya girma ya tsare masa rumbu da garke, ya kuma kori birai daga gona. Wata biyu na farko sai wasa da yara, kowa na murna. Ran nan da asuba mai gida zai tafi masussuka, ya duba takalminsa ya tarar ƙafa ɗaya ba maɗauri. Kashegari igiyar shanun noma ta tsinke gida uku. Kwana kaɗan kuma maƙwabci ya yi sallama riƙe da gugansa a yage, yana neman a biya. Daga nan sai sanda. In sanda ta kasa, sai a kai kwikwiyon bayan gari a yar.

To, wannan hasara biyu ce, ga kaya sun tafi, ga kare ya tafi. Alhali kuwa abin yana da dalili, yana kuma da magani wanda ba ya cin kuɗi.

ABIN DA KE SA SHI

Kwikwiyo ba ya zuwa duniya da haƙori. Yana da kamar mako 3 haƙoran nono ke fara tsirowa, kafin ya cika mako 8 sun kai 28. Daga wata 3 zuwa 4 sai ya fara famfara, watau na nono su zube, na girma su fito. Yana cika wata 6 ko 7 bakinsa ya cika da haƙora 42. Duk tsawon wannan lokaci dasashinsa na ƙaiƙayi da zafi, ba kuwa abin da ke sanyaya masa sai ya sami abu mai tauri ya danna. Ashe ba mugunta ba ce. Ko ɗan mutum in yana haƙori, duk abin da hannunsa ya kai baki yake kai shi.

Dalili na biyu zaman banza. Karen da aka ɗaure wuni zubur, ba gudu ba wasa, ƙarfinsa ba shi da mafita sai baki. Na uku kewa. Wanda aka raba da uwarsa tun bai kai mako 8 ba yakan fi kuka da ɓarna, domin a wurin uwa da 'yan'uwa yake koyon sassauta cizo. Na huɗu yunwa da tsutsar ciki, su kan sa shi cin ƙasa da tsumma.

Mutane kan yi mamakin yadda yake barin itace ya zaɓi takalmi da linzami da ƙotar fartanya. Ba wani asiri ciki. Fata tana da ƙanshin dabba, ƙota kuwa ta sha gumin hannu, ga gishiri ga warin mai gida, wanda shi ne abin da kwikwiyon ya fi so duk duniya.

A KAU DA KAYA TUKUNA

Ba a ba kura ajiyar nama. Aikin farko na mutanen gida ne, ba na kare ba. Takalma a ɗora bisa katanga ko a shigar ɗaki. Igiya da ragama da guga a rataye. Falke ya ɗora fatunsa da buhunansa bisa dakali, akawu ya sa takardunsa cikin akwati. Inda akwai lantarki a ɗage waya daga ƙasa, gama cizo ɗaya ya isa ya ƙone masa baki ko ya kashe shi nan take.

Abin da ya fi duka hatsari shi ne maganin ɓera, da maganin feshi, da ƙwayar da ake sa wa hatsi a rumbu, da irin shuka wanda aka cuɗa da magani. Waɗannan a kulle su. Inda bakin kwikwiyo ya kai, hannun yaro mai rarrafe ma yana kaiwa.

Sa'an nan a yi masa wurinsa, ɗan shinge mai ƙarfi cikin inuwa, da kaskon ruwa. Nan zai zauna in kowa ya tafi gona ko kasuwa, da kuma dare. In akwai mai lura da shi, a sake shi.

A BA SHI NASA

Ba a iya hana kwikwiyo tauna, sai dai a zaɓa masa abin da zai tauna. Babban ƙashin sa ɗanye, irin na gwiwa, wanda ya fi ƙarfin ya shige bakinsa, yana ɗauke masa hankali ƙwarai. A karɓo shi sabo daga mahauta, in ya wuni a yar, kada kuwa a ɗauko na mushe. Igiyar rama mai kauri da aka ƙulla tamau ita ma tana yi, amma a gaban mutane, in ta fara warwarewa a ɗauke. A manyan garuruwa ana sayar da abin tauna na roba mai tauri wanda aka yi musamman domin karnuka. In famfara ta tsananta, ɗanyen karas ko tsumma mai tsabta da aka jiƙa da ruwan randa aka murɗe yana sanyaya dasashi.

Akwai abubuwan da ba a ba shi ko kaɗan. Dafaffen ƙashi, tun ba na kaza ba, yakan tsage ya yi tsini ya huda hanji. Totuwar masara ba ta narkewa a ciki, takan toshe hanji har sai an yi fiɗa. Tsohon takalmi kuwa shi ne babban kuskure, domin kare bai san tsoho da sabo ba. Wanda ya ba shi na bara ya koya masa cin na Salla.

YADDA AKE HORONSA

Kare ba ya haɗa laifin safe da dukan yamma. In mai gida ya komo ya tarar da ɓarna ya hau shi da duka, abin da kwikwiyon ya koya shi ne komowar mai gida masifa ce. Sunkuyar da kai da yake yi ba nadama ba ce, tsoro ne. Karen da ya tashi da sanda ko dai ya zama matsoraci, ɓarawo ya shigo ya shige ƙarƙashin rumbu, ko kuwa ya zama mai cizon yaran gida.

Ga yadda ake yi. In an kama shi abu na bakinsa, a ce "Bari!" sau ɗaya da kakkausar murya, a karɓe abin, nan da nan a miƙa masa ƙashinsa. Da ya kama, a yaba masa, a kira sunansa da murya mai daɗi. Kowa a gida ya riƙe wannan kalma guda, kada wannan ya hana wancan ya yi dariya. A gargaɗi yara kada su bi shi da gudu in ya ɗauki takalmi, gama a wurinsa wasa ne, gobe ma zai sake. Kada kuma su ba shi hannu ko bakin riga ya ja.

Abin da ba ya ɗaukuwa, kamar ƙafar gado ko turke, a shafa masa ruwan shuwaka, ɗacin yakan kore shi. Ban da barkono da kananzir, suna cutar ido da ciki.

Har wa yau a gajiyar da shi. A fita da shi safe da yamma, in an yi masa allurai ya riƙa bin mai gida gona. Abinci sau 4 a rana har wata 3, sau 3 har wata 6, daga nan sau 2. Ƙanzo da ruwan dusa kaɗai ba su isa ba, a haɗa da ɗan kifi ko guntun nama ko dafaffen wake. A nemi maganin tsutsa wurin malamin dabbobi.

LOKACIN ZUWA ASIBITIN DABBOBI

In kwikwiyo ya yi ta amai, ya ƙi abinci, ba ya kashi, ko yana kuka in an taɓa cikinsa, mai yiwuwa ya haɗiye wani abu. A kai shi ran nan. In guba ya ci, a tafi da kwalbar ko takardar maganin. Ɗura masa manja ko madara ba ya karya guba, ɓata lokaci ne.

Akwai kuma wata gaigaya wadda ba ta haƙori ba ce. Karen da halinsa ya sake farat ɗaya, ya kama cizon itace da duwatsu da sarƙarsa, yana dalalar da yawu, muryarsa ta sauya, lalle a yi zaton hauka ne, ko da ƙarami ne. Kada kowa ya sa masa hannu a baki. A rufe shi, a sanar da ma'aikatan dabbobi. Wanda ya ciza ko ya yagusa ya wanke wurin da sabulu da ruwa minti 15, ya tafi asibiti ran nan, domin in ciwon ya bayyana a jikin mutum ba shi da magani. Rigakafinsa allura ce da ake yi wa kwikwiyo yana wata 3, a riƙa sabuntawa ko wace shekara. Ma'aikatar binciken ciwon dabbobi ta Vom, kusa da Jos, wadda ke can tun 1924, tana cikin masu yin wannan allura.

Yawancin karnuka ɓarnarsu na raguwa in haƙora sun gama fitowa, ko da yake waɗansu sai sun shekara ɗaya ko ɗaya da rabi. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Manomin da ya daure wa waɗannan 'yan watanni, shi ne zai kwana da daɗi shekaru masu yawa, rumbunsa da akuyoyinsa na da mai gadi. Allah ya ba da haƙuri, ya tsare dukiya.