Ƙurar Da Ke Tsakanin Taurari

Da yawa daga cikinmu sun ɗauka baƙin sararin nan da ke tsakanin taurari wayam yake, ba kome cikinsa. Alhali kuwa akwai iska shirim a can, galibinta haidurojin da hiliyom, sa'an nan da ƙura wadda ba ta wuce kashi 1 cikin 100 na nauyinta ba. Wannan 'yar ƙurar ita ce abin da muke so a lura da shi.

Cikin gizagizan nan sanyi yakan kai 263 ƙasa da sifiri a ma'aunin Salshiyos, ƙwayoyin iskar kuwa sun yi nisa da juna ƙwarai, da wuya biyu su gamu su haɗu. To, ƙwayar ƙura ita ce dandalinsu. A bisanta suke sauka su manne, su yi ta rarrafe har haidurojin ya sami oksijin, su zama ruwa, ya daskare nan take. Da haka kowace ƙwaya takan yi rigar ƙanƙara. Ba zato ba ne: masana sun gano amoniya a sararin a 1968, ruwa kuma a 1969, ta hanyar sauraron igiyoyin rediyo da suke fitarwa. Yau irin abubuwan da aka ƙidaya sun haura 200.

In girgije ya yi nauyi sai ya rufta cikin kansa. Tauraro ya kunnu a tsakiya, saura kuwa ya baje kewaye da shi kamar faifai, yana juyawa. Nan ƙura ke kama ƙura, ta zama tsakuwa, ta zama dutse, har ta zama duniya. Kusa da tauraron zafi yakan kore ƙanƙara, shi ya sa tamu ta dutse ce. Can nesa ƙanƙara ta wanzu, kayan gini suka yawaita, aka sami ƙato irin Mushtari. A 2014 madubin ALMA na ƙasar Cile ya ɗauko hoton irin faifan nan a sashen sama inda Kaza da 'Ya'yanta suke.

Shaidar da ta fi ƙayatar da mu kuwa ita ce dutsen da ya faɗo a Murchison ta Ostireliya a 1969. Da aka bincika shi, sai ga sinadaran amino, irin waɗanda ake gina naman jiki da su, har da ƙwayoyin ƙura da suka girmi rana, ita da ta yi wajen shekara miliyan 4,600.