Gyaran gashi: a shago ko a gida, ina hatsarin yake?

A duk lokacin da Sallah ko wani biki ya ƙarato, shagunan gyaran gashi a birane irin su Kano da Kaduna da Yamai kan cika maƙil da mata masu jiran layi. Wasu matan kuwa kanti suke nufa su sayo kwalin man miƙar da gashi, wanda aka fi sani da rilaksa, ko kwalin rini, su koma gida wata 'yar uwa ta shafa musu.

Dalilan zaɓen gida dai ba ɓoyayyu ba ne. Akwai sauƙin kuɗi, akwai gudun ɓata yini a shago, sannan akwai matan da ba sa son buɗe kai a wajen gidajensu. To sai dai tambayar da ta fi muhimmanci ita ce ko bambancin shago da gida ya tsaya a kuɗi da kyawun aiki, ko kuwa ya kai ga lafiyar jiki.

Abin da ke cikin kwalin

Man miƙar da gashi yana aiki ne ta hanyar karya wasu mahaɗai da ke cikin silin gashi, waɗanda su ne ke sa shi ya nannaɗe. Da zarar sun karye ba sa komawa yadda suke, shi ya sa gashin da aka miƙar ba ya sake murɗewa, sai dai sabon da ya tsiro daga ƙasa.

Man iri biyu ne. Akwai mai ɗauke da sodar nan da ake yin sabulu da ita, wanda akasari masu shago ke amfani da shi saboda yana aiki da sauri, kuma yana ƙuna da sauri. Akwai kuma wanda ake rubuta wa cewa ba shi da soda, wanda shi aka fi sayarwa domin amfanin gida, ana haɗa man da wani ruwa da ke cikin kwalin kafin a shafa. Wannan rubutu kan yaudari masu saye, domin shi ma wannan ɗin yana ƙona fatar kai idan ya wuce lokacinsa, kuma ya fi busar da gashi.

A nan ne ƙwararriyar mai gyaran gashi ke da fifiko. Gashin mutum na ƙaruwa da kimanin santimita ɗaya ne a wata, kuma ƙa'ida ita ce a shafa man a kan sabon tsiro kawai, bayan aƙalla makonni shida zuwa takwas. Matar da ke shafa wa kanta ba ta ganin ƙeyarta, don haka man kan hau kan gashin da aka riga aka miƙar, abin da ke sa shi ya yi rauni ya riƙa karyewa. Haka kuma ana buƙatar a kare fatar kai da basilin, a kula da agogo, sannan a wanke da sabulun ruwa na musamman da ke kashe kaifin man.

Akwai wata fahimta da ta yaɗu tsakanin mata cewa raɗaɗi alama ce ta man yana ci. Likitocin fata dai na cewa raɗaɗin alama ce ta fatar ta fara ƙonewa.

Amma shago ma shago ne kawai idan mai aikin ba ta da horo. Ba kowace mai shago ce ta san waɗannan ƙa'idoji ba, kuma man da ake ɗebowa daga babbar roba marar suna ba a san abin da ke cikinsa ba. Mai saye a kanti aƙalla tana iya duba lambar hukumar NAFDAC da ranar ƙarewar wa'adi a jikin kwali.

Binciken da ya tayar da ƙura

A watan Oktoban 2022, Cibiyoyin Binciken Lafiya na Amurka suka wallafa sakamakon wani nazari da ya bi diddigin mata 33,497 na kusan shekaru 11. Masu binciken, ƙarƙashin jagorancin Dokta Alexandra White, sun ƙiyasta cewa kashi 1.64 cikin ɗari na matan da ba su taɓa amfani da man miƙar da gashi ba za su kamu da sankarar mahaifa kafin su kai shekara 70. Ga waɗanda ke amfani da shi fiye da sau huɗu a shekara kuwa, adadin ya kai kashi 4.05 cikin ɗari.

Wato hatsarin ya ninka har fiye da sau biyu, ko da yake cutar ba ta cikin masu yawan aukuwa. Nazarin ya nuna alaƙa ce tsakanin abubuwan biyu, bai tabbatar da cewa man ne ke haddasa cutar ba. Masana na zargin cewa ƙuna da gyambon da man ke bari a fatar kai ne ke buɗe wa sinadarai ƙofar shiga jiki. Idan haka ne, to ingancin hannun da ke shafawa na da tasiri, amma yawan shafawar ya fi tasiri, kuma wannan bai san shago ko gida ba.

Dubban mata dai sun shigar da ƙara kan wasu kamfanoni, ciki har da L'Oréal da Revlon, inda a 2023 aka tattara ƙararrakin a wata kotun tarayya da ke Chicago. Kamfanonin sun musanta zargin.

Wani abin lura shi ne cewa akwai hatsarin da ya keɓanta da shago. Salon santsin gashi da aka fi danganta wa Brazil yana fitar da iskar fomaldihaid idan aka bi gashin da ƙarfe mai zafi, kuma hukumar binciken sankara ta Majalisar Ɗinkin Duniya, da ke birnin Lyon na Faransa, ta sanya wannan sinadari cikin masu haddasa cutar. Ita dai wannan hukuma ta ce sana'ar gyaran gashi da aski na iya jefa masu yin ta cikin hatsarin sankara, saboda su ne ke wuni cikin sinadaran.

Rini da lalle

Batun rini kuwa ya shafi maza da mata, tunda furfura ba ta bambancewa. Akasarin rinin da ba ya wankewa, musamman baƙi, yana ɗauke da wani sinadari da ake kira PPD a taƙaice. Jikin wasu mutane ba ya jituwa da shi, kuma yana iya jawo ƙaiƙayi da ƙuraje da kumburin fuska har idanu su rufe. Mutum na iya shafe shekaru yana rini lafiya kafin jikinsa ya yi masa bore rana ɗaya.

Wannan ne ya sa kamfanoni ke umartar a ɗiga kaɗan a bayan kunne ko a gwiwar hannu, a jira sa'o'i 48 kafin a shafa a kai. Umarnin na rubuce a cikin kwali, amma mai sauri ba ya karantawa, kuma shagon da ke cike da jama'a ranar jajibirin Sallah ba zai ce wa kowa ta je ta dawo jibi ba.

Lallen gargajiya na ganye ja yake bayarwa, kuma ba kasafai yake cutarwa ba. Baƙin da ake gani a zanen amare yakan samu ne idan aka gauraya shi da rinin gashi mai PPD, kuma matar da fatarta ta taɓa yin bore ga irin wannan lalle na iya fuskantar abin da ya fi muni ranar da ta rina gashinta. A Sudan, likitoci sun ba da rahoton yara 31 da aka kai asibiti a Khartoum tsakanin 1984 da 1989 sakamakon gubar haɗin lalle da wannan sinadari, 13 daga cikinsu suka rasu. Ajiye irin wannan rini a gida inda hannun yara ke kaiwa hatsari ne da shago ba shi da shi.

Sai kuma kitso, wanda kan biyo bayan duk wannan hidima. Binciken da Farfesa Nonhlanhla Khumalo ta yi a birnin Cape Town na Afirka ta Kudu ya gano cewa kusan ɗaya cikin uku na matan da aka duba sun sami zubewar gashin goshi saboda jan kitso, kuma abin ya fi tsanani ga waɗanda aka yi wa matsattsen kitso a kan gashin da aka miƙar da mai. Likitocin fata na ba da shawarar a bar aƙalla makonni biyu tsakanin shafa man da zama gaban mai kitso.